Albasar da Baba Ide ya sa a aljihu

Da safen nan, ina tsaye a rumfar albasa da basilla a hannuna, waya ta shigo daga ƙauyen Gene. Baba Ide ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin hantsi hotonsa ya cika shafukan 'yan kasuwar Malanbil. Wannan ya rubuta "mutumin kirki", wancan ya rubuta "an yi rashin mai amana". Wallahi raina ya ɓaci. Ku da kuka kore shi daga rumfar nan, yau ku ne masu hawaye a waya? Ku ji kunya mana!

Ga wanda bai san shi ba, Baba Ide mai cika buhun albasa ne, kuma shi ya koya mini aikin. Shekarar da ruwa ya cinye mini shinkafa a Garu, na shigo gari da mata da 'ya'ya biyu, ban san kowa ba. Ya gan ni zaune bakin rumfa kwana uku, ran na huɗu ya miƙo mini basilla ya matsa mini wuri a inuwa. Furarsa ma tare muke sha, kuma kullum sai ya ce ya ƙoshi alhali ni na san bai ƙoshi ba.

Kowa ya san yadda ake cika buhu a nan. Ƙanana da waɗanda suka fara laushi a ƙasa, manya jajaye masu sheƙi a sama, a ɗinke baki, a loda a kamyo, babbar motar kaya, sai Kotonu. Kwalliya muke ce masa, don kar mu kira shi da sunansa na gaskiya.

Baba Ide bai taɓa yi ba. Tsibi uku yake yi a kan tamfol, manya daban, matsakaita daban, masu ciwo daban. Abin da ka gani a bakin buhunsa shi ne a gindinsa. Masu ciwon kuma ya roƙi mai kaya ya ba matan da ke tuyar ƙosai.

Ya sha gaya mini: "Musa, hannu in ya saba da ƙarya, ba ga buhu kaɗai za shi tsaya ba. Gida za shi bi ka."

Ranar da aka kore shi ina wurin. Alhajin da muke wa aiki ya ce ya gaji da wannan tsibi uku, a yi kwalliya kamar kowa. Baba ya ce masa: "Alhaji, matar da za ta kwance buhun ga a Kotonu ba ta gani na, amma ni ina ganin ta." Aka fashe da dariya. Wani ya ce tsoho ya fara ruɗewa, wani ya ce ya tafi masallaci ya yi limanci. Cikin masu dariyar nan na ƙirga mutum huɗu da suka sa hotonsa yau.

Ni ban yi dariya ba. Abin da na yi ya fi dariya muni. Na sunkuyar da kai, washegari aka ba ni wurinsa, na karɓa.

To kun ga haushin nan ba naku ba ne ku kaɗai.

Ya koma Gene wurin 'yarsa, yana facin tsofaffin buhuna a bakin hanya. Ana cewa gaskiyarsa ta kai shi ga talauci. Ni dai duk ranar da na gan shi fuskarsa a sake take, yana tsokanar 'yan kabu-kabu. Mu da muka ci gaba kuwa, waya ta yi ƙara da lambar Kotonu sai gabanmu ya faɗi.

Watan jiya ya shigo cin kasuwa ya biyo ta rumfa. Na kawo masa shayi. Akwai buhun da ban riga na ɗinke ba a gefensa. Ina kallo ya zura hannu a ciki har kafaɗa, ya lalubo, ya fito da wata albasa da ta yi laushi tana ɗiga. Na jira faɗa, na ma so ya yi. Sai ya ga Alhaji na tahowa, ya yi wuf ya sa ta a aljihun rigarsa.

"Ɗunkinka ya yi kyau, Musa," ya ce. "Ya hi nawa. Ka gaida mutan gida."

Ya tafi, ruwan ruɓaɓɓiyar albasata yana ɓata masa farar riga. Ni na ci amanarsa, shi kuma asirina yake rufawa. Ganina da shi ke nan na ƙarshe.

Yau da na ajiye wayar, akwai kamyo na jiran lodi. Na ɗauki wuƙa na farke duk buhunan da na ɗinke jiya, na zazzage su kan tamfol, na yi tsibi uku. Alhaji ya zo yana kumfar baki, ya ce in haukan tsohon ne ya kama ni, in bi shi Gene. Na ce masa daman can za ni, bayan azahar za a yi jana'iza.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Ban san ko gobe ina da wuri a rumfa ba, matata ma ban gaya mata ba tukuna, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Amma hannun da ya zuba wa Baba Ide ƙasa ba zai sake yin kwalliya ba.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Ide, ka yalwata kabarinsa, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, ka ba 'yarsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. In ya rage, ku sa ni a ciki, Allah ya tsayar da hannuna gobe da safe.