Lasifikar da Ta Rage a Gidan Malam Ado

Zan fara da neman afuwa. An kwana biyu da faruwar abin nan, kuma ba zan rantse cewa kowace magana haka aka faɗe ta ba. Amma ranar da Malam Ado ya shigo shagonmu, ita kam ba ta taɓa fita daga raina ba.

Shekarar ce da kuɗi suka ɓace a hannun mutane, fetur kuma ya gagari talaka. Na gama karatun lantarki a jami'a, na yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai Alhaji Sabo ya ɗauke ni a shagonsa na kayan sauti a Dawakin Tofa. Ni ke duba kaya, ni ke ba mai saye shawara. Injiniya yake kirana, galibi da tsokana, don ba na iya amsa tambaya ban sa "wataƙila" a ciki ba.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, lasifika ba ta da ƙarfin kanta, amfilifaya ce ke ba ta. A bayan kowace lasifika an rubuta wat, wato ma'aunin ƙarfin da take buƙata. Mutane sun ɗauka babbar amfilifaya ce kawai ke ƙona lasifika. Yana faruwa, amma abin da na fi gani shi ne ƙarama da aka murɗa har ƙarshe: sauti ya tsattsage, lasifika ta ƙone.

Malam Ado dattijo ne, manomi daga wani ƙauye arewa da mu, kunnensa ya yi nauyi ƙwarai. Ya zo a kan acaɓa da doguwar lasifika ɗaya nannaɗe da tabarma. Ya ce ta ɗansa Sanusi ce, wanda ke tuƙa adaidaita sahu a Ungogo. Guda biyu ya sayo a gwanjo, ya ajiye a gida da niyyar in ya yi aure ya sayi amfilifaya. Ciwo na 'yan kwanaki ya ɗauke shi da damina.

Dattijon ya cire hularsa, ya zaro memorin waya a ƙunshe cikin leda. Saƙon murya ne, na ƙarshe da Sanusi ya turo ta wayar ƙanwarsa.

"Kowa a gidan ya ji, ban da ni," in ji shi. "Sun faɗa mini abin da ya ce. Ni kuwa muryar nake so."

Wani maƙwabci ya yi ƙoƙarin taimakonsa da 'yar amfilifayar rediyo. Sun murɗa har ƙarshe, ba abin da ya fito sai ƙara, ɗaya lasifikar ta yi hayaƙi. Wannan ce ta rage. Ya nuna amfilifaya mafi ƙanƙanta a kan kantar shagon, ya ce ita yake so.

Na duba bayan lasifikar. Na ce, "Baba, ina jin wataƙila wannan ba za ta ɗauka ba."

"Me ya ce?" dattijon ya tambayi maigidana.

"Injiniya," in ji Alhaji Sabo, "mutumin nan ba ya jin wataƙila. Faɗa masa za ta yi ko ba za ta yi ba."

Na matsa kusa da kunnensa na ce ba za ta yi ba, kuma ita ma wannan lasifikar za ta ƙone. Wadda za ta ɗauka guda ɗaya ce a shagon, wani mai gidan kallo ya riga ya kama, kuma ko da babu shi, ta fi ƙarfin Malam Ado, ƙauyensu ma babu wuta. Ya fara mayar da lasifikar cikin tabarmar.

Na roƙi Alhaji ya ba ni aron babbar amfilifayar na yini. Ya ce shi saida kaya yake yi, ba aro ba. Can kuma ya ce, "Ɗauki ƙaramin janareta, akwai sauran mai a ciki. Kafin magariba in ga kayana."

Mun isa bayan azahar. Dawa ta yi tsawo har ta rufe hanya. A zaure na haɗa kayan, janareta na ajiye shi nesa, bayan rumbu, don kada ƙararsa ta dame mu. Maƙwabta kaɗan suka zauna a zauren, mata suna ciki, ina jin motsinsu a bayan zana. Na sake duba wayoyin har dattijon ya ce, "Yaro, ko sai an yi girbi?"

Ya zauna a ƙasa, ya kafa kunnensa jikin lasifikar. Na fara murɗawa a hankali. Ban kai rabi ba murya ta cika zauren, tas, kamar mai ita yana bakin ƙofa. Sanusi ya gaida Baba da Inna. Ya ce kada a sayar da tunkiyar, zai aiko da taki. Ya ce lafiyarsa ƙalau, yana nan tafe.

Sai dai babbar amfilifaya ba ta ɓoye komai. Abin da waya ba ta fitarwa ya fito: tsakanin kalma da kalma yana jan numfashi da ƙyar, ƙirjinsa na ƙara.

Malam Ado ya ce in sake. Na sake. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ashe yana kwance ya yi wannan," in ji shi. "Ba wanda ya ce mini numfashinsa haka yake. Da na ji, da na tafi Ungogo." Ya juyo gare ni. "Rage, kada uwarsa ta ji."

Daga bayan zana Inna Hajara, mahaifiyar Sanusi, ta ɗaga murya yadda zai ji. "Bar shi, Malam. Ni tun ranar da ya turo na ji. Na kira shi, ya roƙe ni kada in faɗa maka, wai kana tsakiyar noma."

Na bar saƙon yana maimaita kansa har mai ya ƙare.

Har yau ban tabbata ko alheri na yi wa dattijon nan ba. Ya yi mini addu'a da zan tafi, amma bai kalle ni ba. Abin da na sani, kuma nake faɗa wa sababbin ma'aikata, shi ne: ku zaɓa wa mutum amfilifayar da za ta ɗauki lasifikarsa ba tare da an murɗa ta ƙarshe ba, amma kafin ku duba wat, ku tambaye shi me yake so ya ji, kuma wa zai saurara tare da shi.

Alhaji Sabo yana nan da rai, haka ma wasu da suka zauna a zauren ranar. Duk wanda ya ga na yi kuskure, don Allah ya gyara mini, musamman maganar Inna Hajara. Ba na so in ƙara mata ko in rage.