Baba Faraji da Rijiyoyi Tamanin da Uku

Kullum bayan asuba Baba Faraji yakan ɗauki farantin tagullarsa mai huji-huji ya nufi bakin fuggara, ramin da ke kawo wa ƙauyenmu ruwa ta ƙarƙashin rairayin Timimun. Shekara arba'in yana auna wa kowace gona rabonta. Ranar Asabar kuwa yara yake kwasa su bi jerin rijiyoyin ramin, yana nuna musu yadda aka karkata shi kaɗan-kaɗan har ruwa ke tafiya ba inji. Ba a wuce rijiya sai an faɗi sunan wanda ya haƙa ta.

Ni na hana. Ina shugaban makaranta, sai na ƙirƙiro darasin Asabar.

"Baba, jarrabawa ce a gaban yaran nan, ba sunayen matattun bayi ba," na ce masa.

"To, Malam," in ji shi. "Amma ruwan shayinka ta hannunsu ya biyo."

Ashe masu naci sun ci gaba da binsa bayan la'asar.

Bara ruwan sama ya rufta da ramin. Kwana tara ba ɗigo, lambuna suka fara ƙonewa. Baba yana kwance a asibiti, injiniyan da aka turo ya ce binciken zai ci wata biyu. Sai ga 'yata Zuhra, da goyonta; ashe tana cikin masu nacin nan tun tana yarinya.

"Ku tona tsakanin rijiyar Bilal da ta Mas'ud Gurgu. Yashi ne wurin, shi ya danne Mas'ud."

Injiniya ya juyo gare ni. "Malam, wacce ce Mas'ud?"

Kakana ne ya tura Mas'ud ramin nan, gidanmu ke da kason ruwa mafi tsoka, amma ban san inda yake kwance ba. Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba. Zuhra ta shige gaba, kwana uku ruwa ya dawo.

Baba Faraji, kai ne malamin, ni mai riƙe alli ne kawai. Yanzu da gwiwa ta sa ka ajiye faranti, mun gode, Allah ya saka. Ka yafe mini.

Iyaye, ku saki 'ya'yanku ranar Asabar. Zuhra ce ke jan layi, ni ina can baya da furfurata. A haddar sunaye na kai rijiya ta sha tara.