Rigar Amfilifayar Ladan Shehu

Shekara talatin da ɗaya Malam Shehu yana ladanci a masallacin unguwarmu a Garbadu. Manomin gero ne, gajere, mai tsokanar tsiya. Tun ba lasifika, kan katanga yake hawa ya kira salla, har masu surfe a bayan gari su ji.

Bara da bazara abu ya taso. Da asuba kiransa garau yake fita. Amma da azahar, yana kaiwa tsakiya sai muryar ta shaƙe, ɗif! La'asar ma haka. Mutane kuwa ka san bakinsu: wai tsufa ya kama Ladan, numfashinsa ba ya kaiwa. Matarsa Taibatu ta duƙufa dafa masa citta da zuma. Abin ya ƙona mini rai wallahi, don gidana jikin masallaci yake, ina jin tsohon yana ƙarasa kiransa, lasifikar ce ke yin shiru. Na faɗa, aka ce amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa lasifikar ƙarfi, sabuwa ce dal, ta yaya? Dattawa suka yanke: bayan Juma'a za a nemi wani.

Ranar Talata ni da Ladan muka ɗaure amfilifayar a bayan babur sai Mafara, wurin Barnabas mai gyaran rediyo. Bayan doguwar gaisuwa ya tsura mata ido.

"Baba, wannan rigar fa?"

Koren karammiski ne, ciki da auduga, baki da kwalliyar zare.

"Mai ɗakina ta ɗinka mata. Abin kiran salla ai ba a barinsa tsirara."

Barnabas ya danne dariya, ya tuɓe ta, ya kwance murfi. Ya nuna mana wani ɗan baƙin abu, bai fi ƙwallon dabino ba, manne da ƙarfe mai haƙora kamar matsefi.

"Wannan ke ɗaga muryarka, Baba. Wutar da yake sha ba duka ke zama murya ba, saura zafi take komawa. Ƙarfen nan ke janye zafin ya miƙa wa iska, ku kuma kun toshe ƙofofin iskar da rigar nan. Da sanyin asuba yana jurewa. Da azahar, ƙarƙashin kwano, in ya ji zai ƙone sai ya yanke wuta da kansa."

Ya goge wani farin mai da zafi ya busar tsakanin baƙin abin da ƙarfen, ya shafa sabo, ya ce a ɗaga ta daga bango taƙi guda.

Laraba da azahar, rana kamar ta fasa kai, kiran ya fita tun daga kabbara har ƙarshe. Dattawa ba wanda ya sake tayar da zancen. Na raka Ladan gida, muka tarar da Taibatu a soro, rigar a hannunta, ido ya yi ja.

"Ashe ni na shaƙe ka, Malam."

"Ke dai kawo cittata," in ji shi. "Saura la'asar."