Tambayar Kawu da Na Haɗiye

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi na gama karatun injiniya a Birnin Kebbi, kaina ya kumbura har ba hular da za ta shige shi. Aikin gwamnati bai samu ba, sai na raɓe a shagon kawuna, yayan mahaifiyata, mai sassaƙa ƙarfe da inji. Manoman fadama tun daga Zauro har Augie shi suke kawo wa sandar injin ban ruwa idan ta karye, ya fitar musu da sabuwa kafin shinkafa ta ji ƙishi. Da haka aka san shi, ba ya ce wa mutum ya dawo jibi.

Injinsa ya tsufa, awo ya fara kuɓuce masa. Sai muka ji wani kamfani ya gama aikinsa a Argungu zai tashi, yana sayar da injuna biyu. Kawu ya rabu da tsohon nasa, ya haɗa da shanun nomansa, ya tafi da ni in yi masa tafinta, don injiniyan kamfanin ba ya jin Hausa.

Na farko irin wanda Kawu ya saba da shi ne, baƙi, na hannu, mai nauyin tsiya. Na biyu kore ne, da akwatin maɓallai a gefe. Ka danna lambobi, shi da kansa zai juya ƙarfen, ya ci ta nan ya ci ta can. A makaranta na taɓa ganin hoton injuna masu cin ƙarfe ta fuska biyar a mujalla, sai na ɗauki wannan ƙaninsu ne. Tun ba a kunna shi ba na gama zaɓe.

Kawu ya sa aka kawo ruwa a kofin shayi. Ya ɗora a kan kowanne yana aiki, ya tsuguna yana duba ko ruwan zai yi rawa. Injiniyan ya yi murmushi, ni kuwa na ji kamar in nutse. Ruwa bai motsa ba a duka biyun. Kawu ya miƙe ya nuna koren.

"Tambaye shi, in wanga ya yi ciwo, wa ka yi mai magani tsakanin nan da Sakkwato?"

Na ga tambayar ta ƙauyanci ce, kuma ina tsoron amsar. Sai na tambayi mutumin saurin injin da Turanci. Ya yi dogon bayani. Na juyo na ce wa Kawu ya ce masu gyara suna nan birjik, kuma irinsa ba ya ma lalacewa. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce tunda ni na yi karatun abin, ya bi ni. Muka sayo koren.

Wata biyu ina cika baki, mutane na zuwa kallo. Rannan da hantsi aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, akwatin ya yi ƙauri ya yi shiru. Muka nemi mai gyara har Kaduna, babu. Kamfani ya riga ya tashi, baƙin injin kuma wani ya saye.

Ana tsakiyar noman rani wani dattijo ya zo daga Augie da karyayyiyar sanda a buhu. Kawu ya kwana uku yana gurza ƙarfe da magagari har tafinsa ya sale, amma sanda ta ƙi miƙewa. Dole ya ce masa ya gwada Sakkwato. Ban taɓa jin ya tura wani wani wuri ba sai ranar.

Bayan mako dattijon ya biyo, ya ce kafin ya dawo daga Sakkwato shinkafarsa ta ƙone. Bai yi faɗa ba. Ya dubi koren injin da muka rufe da tabarma.

"Malam, wa yab ba ka shawarar sayen wanga?"

Ina tsaye a wurin.

"Ba kowa," in ji Kawu. "Ni nag gane shi, ni naz zaɓa."

Ko gefena bai duba ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, amma ba ta isa ta buɗe mini baki ba.

Kawu ya koma gyaran garma da ƙofofi, manoma suka sauya hanya. Har ya rasu, duk lokacin da maganar ta taso, cewa yake injiniyan nan ya yi mana ƙarya, amma shi ya yafe masa duniya da lahira. Ni kuma ina zaune kusa da shi ina gyaɗa kai.