Farcen Gwaggo

Gwaggo, yayar babanmu, ta yi shekara ashirin da huɗu tana tara farcen babban yatsanta na dama. Muna yara mukan tsokane ta, wai da shi take yanka albasa. Ashe kayan aikinta ne.

A ɗakin gwaje-gwaje na jami'a take aiki, can lungun da ake wanke kwalabe. Abin da suke haɗawa wata baƙar roba ce mai ɗaukar lantarki, ba ta fi leda kauri ba. In aka ba ta wuta kaɗan sai ta lanƙwashe, in aka ɗauke sai ta miƙe, kamar tsokar mutum. Burin Farfesa, shugaban ɗakin, shi ne a yi safar hannu da ita, wadda za ta riƙa motsa yatsun masu shanyewar jiki.

A jikin farantin gilashi robar take fitowa, kuma ɓare ta shi ne jidalin. Ɗalibai su sa reza, ta yage. Ita kuwa Gwaggo sai ta tsoma farantin a ruwan ɗumi, ta sa farce a kusurwa, ta ɗago ta sumul. In ka tambaye ta yawan ɗumin, ta ce irin na wankan jariri. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan, don a ganinsu aikin mai wanke-wanke ne.

Abu ɗaya ta roƙa duk tsawon shekarun nan: a sa sunanta a takardar bincike ko sau ɗaya. Ɗalibai goma sha bakwai suka zama daktoci a kan farcen nan. Duk sanda ta yi magana, Farfesa ya ce a ta gaba in sha Allahu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Wata uku da yin ritayarta, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci. Sau biyu ina ɗauko abin yanke farce tana hararata, na haƙura.

Wata Talata da hantsi sai ga Farfesa da kwali a hannu. Na zaci safar ya kawo mata, har na fara sa masa albarka. Ashe farantan gilashi ne. Wai tun tafiyarta ba su ɓare roba ɗaya lafiya ba, ga manyan baƙi na tafe ganin aikin. Yana so ta nuna wa ɗalibansa yadda ake ɓarewa, ko da hannun hagu ne.

Gwaggo ta dube shi. Da ƙyar maganar ta fito ta karkataccen bakinta.

"Ranka ya daɗe, ka tambayi masu suna a takarda. Ai su suka yi aikin."

"Haba Hajiya," in ji shi, "a ta gaba sunanki na ciki, in sha Allahu."

Ba ta ƙara dubansa ba. Ta sa hannun hagu ta ɗago na dama, ta ɗora min a cinya.

"'Yata, yanke," ta ce.

A gabansa na yanke shi.