Na'urar da Ke Gani da Rana

A shekara ta biyu da damina ta yi mana rowa, yayana ya aiko mini saƙo Sakkwato, inda nake aikin gini. Mutanen ƙauyenmu, can gefen Gangara, sun soma haƙa magudana daga wani gurbi mai zurfi da ya rage a gulbi zuwa fadamarmu. Ruwan sha dai akwai a gurbin, amma ciyawa ko ta magani babu, shanun yayana sun koma ƙashi da fata. In ruwa ya isa fadama, za a shuka wake da dawa a samu harawa. In bai isa ba, zai kora abin da ya rage ya yi kudu da iyalinsa. Injin ban ruwa ba a ma zancensa, ga nisa ga tsadar mai. Abin da yake so kawai, in zo da abin awo in faɗa musu zurfin da za su ƙara.

Maigidana na wurin aiki ya buɗe mini sito ya ce in zaɓa. Akwai ƙaramar leza, na'ura mai jan layin haske, wadda muke jera tayil da ita a cikin ɗaki, amma da ka fita da ita rana sai layin ya ɓace. Akwai kuma babba mai ƙafa uku, kanta na juyawa, da ɗan akwatin da ake maƙalawa a sandar awo, ya yi ƙara in ya kama hasken ko da tsakar rana ce. Ita na ɗauka. Daga Sabon Birni na rungume ta a kan babur kamar jaririya, ina jin kaina wani babban injiniya.

Da na isa na cika wa yayana baki. Na ba shi labarin ƙaramar da na bari, na ce waccan makauniya ce a rana, wannan kuwa ba ta ƙarya.

Washegari aka fita gayya. Ganga na tashi, ana zuba ƙasa a kwanduna, mata sun kawo fura daga ɗan geron da ya rage a gindin rumbu. Na daɗe ban ga mutanenmu suna dariya haka ba. Kowa ya san fadama tana gangare, domin a shekarun ambaliya ta nan ruwa yake bi, iyayenmu sun gani, mu ma mun gani. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, ambaliya daga bakin gulbi take zubowa. Yanzu kuwa ruwan yana can kwance a ƙasan rami.

Na kafa na'urar, yayana ya riƙe sanda a bakin ruwa. Akwatin ya yi ƙara can sama. Muka riƙa matsawa zango-zango, ina sake kafawa, kuma a kowane zango sai ya sassauko da akwatin kafin ya yi ƙara. Wato ƙasar hawa take yi, ba gangarawa ba. Da muka kai fadama na haɗa lissafi, na ga ta fi fuskar ruwan tudu da abin da ya haura tsayin mutum biyu. Ko a ce a kai ruwan kusa a ɗebo da jigo, ramin da za a yi a cikin wannan rairayi ruftawa zai yi a kan masu haƙa. Na tsaya ina goge gilashin na'urar da ba datti a jikinsa. Wallahi ban taɓa tsanar abin aikina kamar ranar ba.

"Mi tac ce?" in ji yayana.

"Yaya, hwadama ta hi ruwan bisa. Ba shi hawa."

"Sake awnawa."

Muka koma bakin gulbi muka sake tun daga farko, rana tana dukanmu. Masu haƙa suna ɗaga mana hannu, wani tsoho yana yi mini kirarin ɗan birni mai ido uku. Abin da ta faɗa da fari, shi ta sake faɗa.

"Halan ba ta kuskure?"

Na so in ce tana yi. Amma ni na gaya masa jiya da bakina, kuma ya san fuskata tun ina rarrafe. Na girgiza kai.

Ya jingina sandar a kafaɗata, ya daɗe yana kallon mutanen da ke cikin magudana.

"Da waccan makamniyar ka ɗauko," ya ce, "da mun ƙara 'yan kwanaki muna haƙa da ranmu."

Ya taka a hankali zuwa wurin makaɗi ya dafa gangar. Kafin kasuwa ta zagayo ya kora shanunsa, ni na raka su har bayan gari ina saɓe da ƙaramar 'yarsa.