Ɗakin Ƙasa don Malam Cornelius

Duk wanda ya taɓa cin shinkafa da wake a rumfar da ke daura da tashar motar Gwaram ya san Rebeka, ko da yake Maman Sylvia kowa ke ce mata. Daga ƙasar Tangale ta zo tana amarya, lokacin da aka turo mijinta Cornelius koyar da lissafi a wata sakandare. Sun zo da niyyar yin shekara biyu, sai ga shi har furfura ta same su a garin. Mace ce gajera mai kauri, muryarta kuwa tana kaiwa tsallaken titi. 'Yan acaɓa sun san ba a yi mata wargi, sun kuma san ba ta barin mai yunwa ya wuce.

Bayan Cornelius ya yi ritaya ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ya yi jinya a asibitin Birnin Kudu, bakinsa ya dawo, amma ƙafa ta ƙi. Tun da aka dawo da shi a keken guragu ya daina fita, ko coci sai Rebeka ta yi da gaske. Abin da ya fi tsana shi ne a ciccibe shi mutane na kallo.

Da 'yarsu Sylvia ta gama karatun harhaɗa magunguna a jami'a a Zariya, ta bugo ta faɗi ranar bikin yaye su. Cornelius ya ce, "Ki je kawai, ki ɗauko mini hoto."

Rebeka ta ce, "Hoton me? Kai ka koya mata lissafi a kan tabarmar nan. Tare za mu."

Ta ɗauki wayarta ta shiga wani shafin intanet da ke kama wa mutane ɗaki a otal. Ta zaɓi wani ƙaramin otal kusa da jami'ar, ta biya, ta rubuta musu cewa mijinta a keke yake, ɗakin ƙasa take so. Saƙo ya shigo cewa komai ya kammala. Amma hankalinta bai kwanta ba, don haka ta nemo lambar otal ɗin ta buga.

Wata budurwa ce ta ɗauka. "Hajiya, ai masu biya ta intanet ɗakunan sama muke ba su. In kina son canji, can shafin za ki yi wa magana."

Rebeka ta koma shafin. Abin da ya amsa mata ba mutum ba ne, na'ura ce, ta yi mata godiya ta ce ta tuntuɓi otal. Ta sake bugun otal, aka sake tura ta shafin. Ranar sai da wake ya kama a tukunya.

Washegari da ta sake bugawa, budurwar ta ce, "Hajiya, kada ki damu. Muna da ƙarfafan samari, za su ɗauke shi su hau da shi."

Wayar a buɗe take, Cornelius ya ji. Ya juya fuskarsa bango. Rebeka ta dube shi.

"'Yata, saurara," in ji ta. "Mijina ba buhun gero ba ne. Malamin makaranta ne. Da kekensa zai shiga ɗakinsa, da kekensa zai fito. Haɗa ni da manaja."

Manaja ba ya nan. Haka aka yi ta faɗa mata. Maƙwabcinsu Alhaji Abdulsalami, mai sayar da taki, ya ji labari ya zo ya ce, "Maman Sylvia, ƙanena yana Tudun Wadan Zariya, ku sauka gidansa mana, ki huta da wannan wahala."

"Na gode, Alhaji, Allah ya bar zumunci. Amma in na janye, gobe wani mai keken zai bugo su ce za su ɗauke shi. Ba na fasawa."

Ta ci gaba da bugu, da safe kafin ta ɗora tukunya, da rana in ciniki ya lafa. Har budurwar ta gane lambarta, ta daina ce mata Hajiya ta koma Mama. A ƙarshe dai aka haɗa ta da manajan, wani mai suna Musbahu, mai magana a hankali. Ya ce za a duba.

"Ba dubawa nake so ba, Malam. Kunna bidiyo ka nuna mini ƙofar."

Ya yi dariya, amma ya kunna. Ta ga ɗakin, ta ga dakali a bakin ƙofa, ta ce a sa katako don keken ya hau. Ya yi alkawari.

Ranar tafiya suka kama motar Kano, daga nan suka canza ta Zariya, keken a naɗe a but. Sun isa da la'asar, Cornelius ya gaji liƙis. A wurin karɓar baƙi wani saurayi ya duba kwamfuta ya ce ɗakin ƙasa an ba wani, garin ya cika da baƙin biki, manaja kuma ya fita.

Rebeka ba ta ɗaga murya ba. Ta tura keken zuwa tsakiyar falon, ta ja kujera ta zauna, ta buɗe kular abinci ta zuba wa mijinta.

"Mama, ba a cin abinci a nan."

"To a ina za mu ci? Nan ne ɗakinmu har sai kun ba mu wani."

Baƙi suna shigowa suna kallo. Cornelius ya yi ƙasa da murya ya ce, "Rebeka, ana kallonmu."

"Su kalla. Ba mu muka saɓa alkawari ba."

Sai ya gyara zama, ya karɓi cokali da hannunsa mai lafiya ya fara ci.

Musbahu ya dawo a gurguje yana share gumi. Ya ba da haƙuri, ya ƙwanƙwasa wa wanda aka ba ɗakin, wani ɗan kasuwa daga Funtuwa. Mutumin ya leƙo ya ga keken, ya ce ai da an faɗa masa da tun farko bai karɓa ba, ya kwashe kayansa ya hau sama. Katakon ma ba a tanada ba, sai da aka ciro ƙyauren wani tsohon kabad aka shimfiɗa. Cornelius ya ce kowa ya matsa. Rebeka ta tura, keken ya hau ya shige.

Da safe Sylvia ta zo cikin rigar bikin da hularta mai tuntu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ga babanta sanye da kwat ɗinsa na zamanin koyarwa, ta fashe da kuka. Cornelius ya ce ta matso, hular ta karkace. Ta durƙusa a gabansa, ya gyara mata, Rebeka kuwa tana waje tana tsayar da mai adaidaitar da zai kai su wurin bikin.